Yarinyar Kan Matakala

Na manta abubuwa da yawa na shekarar da na ci bak, wato jarrabawar gama sakandare, har da sunayen wasu malamanmu, amma tafiyar da muka yi ni da Inna daga Lyon zuwa Paris a kan maganar makarantar kwana, wannan kam har abada ba za ta fita a raina ba. Yanzu ni ma ina da ƴar da ta fara mayar mini da magana, duk da haka in na tuna sai in ji kamar jiya aka yi.

A lokacin muna zaune a Rillieux-la-Pape, a gefen Lyon, cikin dogayen benayen nan da in asansar, na'urar hawa bene, ta lalace sai mutum ya yi da-na-sanin sayo buhun shinkafa. Baba ɗan kasuwa ne, yana tura tsofaffin kayan mota da firij zuwa Maraɗi, don haka rabin shekararsa a hanya take ƙarewa. Ni ce ƴar fari, ƙannena duk maza. Wanda ya san gidan Bahaushe ya san abin da hakan ke nufi: Inna tana kunyata. Ba ta kiran sunana. "Ke" nake, in kuma da baƙi, "yarinyar ga". Ba ta yabona gaban mutane, ba ta zama hira da ni yadda take yi da autanmu. Ƙawayena na lise, wato sakandare, sun sha tambayata ko mun yi faɗa ne. Ni kuwa abin bai taɓa damuna ba, haka na tashi na gani, kuma na san tsokar da ta fi laushi a ƙarƙashin abincina take ɓullowa ba tare da kowa ya ce uffan ba.

Inna ba mai son kallo ba ce, amma tana da fim ɗinta guda ɗaya. Wani tsohon fim ne na Amurka da aka juya zuwa Faransanci, wanda ta taho da shi a kaset tun daga gida. Da na'urar kaset ɗin ta mutu sai da Baba ya sa aka kwafe mata shi a faifai, in ba haka ba da ba a zauna lafiya ba. Labarin wasu ƴan mata ne a makarantar kwana, wani katafaren gini na jan bulo a cikin itatuwa, kowace da siket mai zane-zane da safa har gwiwa. Ga shugabar makaranta mai fuska kamar an aiko mata da mutuwa. Ƴan matan nan babu tsiyar da ba sa yi: su dira ta taga, su ɓuya a banɗaki suna busa taba, su yi wa samarin wata makaranta fito ta kan katanga. Inna takan saka shi ne in tana guga ko tsinkar zogale. Faransancinta na makaranta ne, ya yi tsatsa, ba ta bin duk maganarsu, saboda haka ta raɗa musu sunaye da kanta. Akwai Doguwa, akwai Mai Gilashi, akwai Sarkin Rawar Kai, sai wata ƴar siririya mai shiru da take kira Baiwar Allah. Mun haddace fim ɗin ba da son ranmu ba. Har mun san lokacin da Inna take miƙewa ta ce bari ta duba tukunya, wajen tsakiya, ta dawo bayan ɗan lokaci ta ci gaba da gugarta.

To ana nan sai na samu gurbi a wata makaranta a Paris, irin wadda ake shekara biyu ana shirya ɗalibi kafin ya shiga babbar makarantar injiniyoyi. Abin da nake mafarki ke nan tun ina ƙaramin aji, kuma ba kowa ake ɗauka ba. Har da ɗaki suka ba ni a gidan kwanan ƴan mata. Na buga wa Baba waya yana tashar jirgin ruwa, ya yi ta sa albarka. Na shiga kicin na gaya wa Inna. Tana yanka kuɓewa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ba ta zuwa," ta ce, kamar da kuɓewar take magana. "Lakkwal ta ƙare ne a Lyon?" Haka take kiran makaranta.

Na ɗauka wasa ne. Kwana ya bi kwana, maganar ba ta canza ba, ga makaranta na jiran amsa, in ban ba da ita ba a miƙa wa wata gurbin. Baba da ya dawo ya gwada nasa, ya fito yana sosa ƙeya. Ya ce da ni, "Ni na yarda, amma ba ni tura ki wurin da uwarki ba ta sa albarka ba. Ki lallaɓa ta." Ka ji mutumin da ke ciniki da ƴan kwastan na ƙasa uku, amma ya kasa da mace ɗaya mai wuƙar kuɓewa.

Ni kuwa nan take na gano mai laifi, a ganina. Fim ɗin nan ne. Shekara da shekaru tana kallon ƴan mata na dira ta taga, yaya za a yi ta yarda in je makarantar kwana? Na shirya hujjojina tsaf kamar mai shiga jarrabawa. Na ce, "Inna, wannan fa fim ne, ƙarya ce aka shirya. Kuma tsoho ne, tun ba a haife ni ba. Kuma ma Amurka ce, ba Faransa ba." Baba da ke gefe yana shan shayi ya ajiye kofi ya ce, "Amurka? To ya aka yi suke Faransanci?" Ashe duk shekarun nan shi ya ɗauka a bayan Lyon aka yi abin. Ƙannena suka yi ta dariya har da faɗuwa. Inna ba ta yi dariya ba. Cewa ta yi, "Na ce miki ban sani ba?" Ta ɗauki kwandon wankinta ta bar mu nan.

Gwaggo ce ta kawo shawara. Yayar Baba ce, tana da shagon atamfa da turare a unguwar Goutte d'Or cikin Paris, mace mai murya kamar lasifika, wadda ba ta iya raɗa ba ko a gidan makoki. Ta waya ta ce, "Ku kawo min ita ta gani da idonta. Mutum ya ƙi abin da bai gani ba?" Inna ba ta iya yi wa yayar miji musu, don haka ranar wata Asabar da makarantar ta buɗe wa iyaye ƙofa, muka hau jirgin ƙasa ni da ita.

Sai a hanya na lura da yadda tafiya ke firgita ta. Tun zuwanta Faransa, duniyarta ba ta wuce unguwarmu da kasuwa da masallaci ba, in za a yi nisa kuwa Baba na gaba tana baya. A jirgi ta ƙanƙame jakarta, bakinta na motsi da addu'a. A cikin metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa na Paris, kuwa gefen rigata ta riƙe, ita da ba ta taɓa riƙe hannuna a titi ba. Na ji tausayinta, amma ban fasa lissafin nasarata ba.

Makarantar tana can gabashin birni, ba nisa da Belleville, a nan Gwaggo ta tarye mu. Wata Madam mai furfura ce ta zagaya da mu, ina fassara wa Inna da Gwaggo. Wuri tsaf, shiru kamar asibiti. Kowace yarinya da ɗan ɗakinta, gado da tebur da taga, tagar ma ba ta buɗuwa yadda mutum zai fita. Ƙofar waje sai da kati, ga mai gadi, namiji ko ɗan'uwanki ne iyakarsa bakin ƙofa. Duk abin da Madam ta faɗa sai in ƙara masa gishiri a fassara, ina satar kallon Inna. Babu katanga, babu samari, babu taba. A raina na ce yau dai fim ya sha ƙasa.

Inna na biye da mu har muka sauko tsakar gidan. Ta tsaya tana kallon wata faffaɗar matakala ta dutse da ke hawa zuwa ɗakunan kwana. Sannan ta ce, "Ke, tambaye ta, wace rana ce ranar ziyara?"

Na tambaya. Madam ba ta gane ba, sai da na yi mata bayani: ranar da iyaye ke zuwa ganin ƴaƴansu, su kawo musu abinci. Ta yi murmushi ta ce ai su ba su da wannan. Ranar Juma'a da yamma yawancin ƴan matan gida suke tafiya, su dawo Lahadi. Waɗanda gidansu ke nesa su ne ke zama, kuma kowace sai ta ba da sunan wani babba a Paris da za a nema in wani abu ya taso.

"Masu zaman, suna da yawa?" in ji Inna.

Madam ta ce ƴan kaɗan ne.

"Ran Lahadi mi suka ci?"

Madam ta ce ɗakin cin abinci a rufe yake ranar, amma akwai ɗan kicin, kowa takan ɗumama abin da ta saya ta hau da shi ɗakinta. Ta ƙara da cewa ƙofa a buɗe take har yamma, duk mai son fita ko mai baƙo ba a hana shi ba, sai dai ba a saba ba.

Na ga fuskar Inna ta rufe. Ta yi wa Madam godiya da ladabi, har da ɗan rusunawa. Muna fita titi ta gyara mayafinta ta ce, "Gara ma na cikin fim ɗin. Su ko ba komi tare suka cin abinci. Ba ta zuwa."

Kaina ya ɗaure tamau. Na kawo ta ne ta ga wurin bai yi kama da fim ba, ta gani, kuma abin da ya ƙara kore ta ke nan. Har muka isa Goutte d'Or ban buɗe baki ba, don na san in na buɗe kuka ne zai fito. A shagon Gwaggo na wuce can ciki, bayan tulin atamfofi, na zauna a kan wani kwali na yi mai isata. Ba na jin na taɓa jin haushin Inna kamar na wannan yammacin.

Bayan sun yi la'asar, Gwaggo ta ja ƙofar shago ta rufe, abin da ba ta yi ko ranar salla. Ta zuba shayi ta ce, "To ƙanwata, yau sai kin hwaɗa min. Wurin ga ba maza, ba shashanci, ɗiyarki kuma kin san ba ta da rawar kai. Mi kike tsoro?"

Inna ta san ina bayan atamfofi, shagon duka bai fi ɗaki ɗaya ba. Amma da yake da Gwaggo take magana ba da ni ba, sai bakinta ya buɗe.

"Yaya Hajiya, ni ma na yi makarantar kwana."

Ban taɓa ji ba. Na san ta yi boko kaɗan, iyakar sanina ke nan. Ta ce ita kaɗai ce mace da ta ci jarrabawa a ƙauyensu a shekararsu, aka kai ta kwaleji a birni, tafiyar yini guda a motar kasuwa, in an samu motar. A can, Lahadin farkon kowane wata ita ce ranar ziyara. Tun hantsi iyaye ke cika tsakar makaranta da kwanoni da ƙullin kaya, wannan dambu, wannan ƙuli-ƙuli, wannan fura a ƙwarya. A shimfiɗa tabarmi a gindin itatuwan bedi, kowace yarinya ta zauna cikin nata.

"Ni ba mai zuwa," in ji Inna. "Ba ƙi sunka yi ba, nisa ne, ga gona, ga goyo. Na sani sarai. Amma duk wata sai in yi wanka in sa kayana masu kyau, in zamna bisa matakalar aji ina kallon ƙohwa, har a tashi. Wasu uwayen su kira ni in ci, in ce na ƙoshi. Karatu bai gagare ni ba, Yaya, ni ka zuwa ta ɗaya ko ta biyu. Ba wanda ya hidda ni. Hutu na zo gida, na ce ban komawa, ko da duka. Kuma ban koma ba."

Sannan ta ce, "Yarinyar ga halina gare ta. Ba ta roƙo, ba ta cewa tana jin kewa. Za ta zamna ita ɗaya cikin ɗakin can da kwanon roba, ta ce lahiya lau, har ranar da za ta aje karatun ta taho. Gara ta yi ƙaramin a gabana ta gama, da ta ɗauko babba ta yar."

Ina zaune a kan kwalin nan sai tukunyar Inna ta faɗo mini a rai. A tsakiyar fim ɗin akwai ranar da iyaye ke zuwa da manyan motoci, ana rungume-rungume a kan ciyawa, Baiwar Allah kuwa tana zaune ita kaɗai a matakala da safarta fara tas. Daidai nan Inna take miƙewa, kullum. Ni da ƙannena mun kalli wurin ba adadi muna cin gyaɗa, ita kuwa ashe ba ta iya kallonsa. Tagar da nake ta yaƙi da ita ko a jikinta.

Gwaggo ta share ido da bakin gyale ta ce, "To ni mi nike yi a garin ga? Ba ni za a rubuta ba? Kullum Lahadi ta taho nan ta ci ta sha."

"Allah shi saka, Yaya," in ji Inna. "Amma zuwa gidan gwaggo daban. A zo maka, shi ne maganar."

Nan na fito daga bayan atamfofi. Na san in na dubi Inna na yi mata magana kai tsaye, kunya za ta sa ta rufe bakin da ta buɗe. Sai na durƙusa gaban Gwaggo, na yi yadda ta yi. Na ce, "Gwaggo, ki gaya mata Madam ba ta ce an hana zuwa ba. Cewa ta yi ba a saba ba. Ranar ce kawai ba su da ita. In wani ya zo, ai ranar ta samu."

Ina faɗa ina jin nauyin abin da nake roƙo, don da idona na ga yadda ta riƙe rigata a metiro. Baba ba ya nan rabin shekara, ƙannena ƙanana ne. In za a zo, ita ce za ta zo, ita kaɗai. Inna ta daɗe tana juya kofin shayinta. Can ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "Jirgin ga da munka shigo, kullum shina tashi?"

Gwaggo ta ce kullum.

"Har Lahadi?"

"Har Lahadi."

"To," in ji Inna. Iyakar abin da ta ce ke nan, kuma da wannan "to" ɗin na zama injiniya.

Na fara karatu da kaka. Gaskiyar Inna, Lahadin wurin nan ba daɗi, shirun har ƙara yake yi a kunne. Da Lahadin farkon wata ta zo, na yi wanka na sa kayana masu kyau, ina yi ina yi wa kaina dariya. Wajen azahar mai gadi ya kira ni. Ga Inna a bakin ƙofa, ita kaɗai, ta yi gumi sharkaf, da kula biyu a cikin jakar kasuwa mai taya da tabarma naɗe a hammata. Ta ɓata sau biyu a metiro, wani ɗan Mali ne ya ɗora ta a hanya. Na rusuna na gaishe ta, ta amsa tana kallon wani wuri, kamar dai mun haɗu a kicin.

Idonta yana kan matakala. Wata yarinya ce zaune a can, ƴar ajinmu, daga wani tsibiri mai nisan gaske, wadda sai babban hutu take ganin gida. Tana cin biskit tana kallon waya.

"Ke," in ji Inna, "je ki kirawo ta. Da duk wadda ta saura a sama. Ki ce musu an zo ziyara."

Muka fito mu ƴan kaɗan, muka bi ta kamar ƴan kaji har lambun Belleville, ta shimfiɗa tabarma a kan ciyawa. Dambu ne da zogale da soyayyen nama, ga yaji a ƙulle. Yarinyar tsibirin ta ce ta ƙoshi. Inna ba ta jira fassara ba, ta cika faranti ta ɗora mata a cinya, ta tsare ta da ido har ta kai loma. Ba a jima ba sai ga ta tana ci tana hawaye, ta ce yajin ne. Inna ta sa na gaya musu wai ta kawo wa ƴan makaranta abinci ne. Ni ko ambatona ba ta yi ba. Ni ta zuba wa a ƙarshe, ta turo farantin gefena tana magana da wata. Da na sa cokali, tsokar tana ƙasa.

Haka ta yi ta yi har na gama, duk farkon wata, da sanyi da ruwa. In ana ruwa a ɗan kicin ɗin muke baje tabarma. Ta haddace hanyar metiro har tana nuna wa baƙi. Ƴan matan suka riƙa ƙin tafiya gida a wannan makon, har Madam ta taɓa saukowa da farantinta.

Da na dawo hutun farko, na tarar tana guga, fim ɗinta na yi. Na zauna a ƙasa ina ninke kaya. Aka zo wurin motoci da ciyawa, Baiwar Allah ta zauna a matakalarta. Na saci kallon Inna. Ba ta tashi ba. Ta kalla har ƙarshe da dutsen guga a hannu, kuma ranar ce kaɗai tukunyar ta ƙone da gaske.

Abin da wannan ya koya mini shi ne, in babba ya kafe a kan a'a, kafin in tara hujjoji gara in nemi inda ke yi masa ciwo, don sau da yawa ba wurin da nake zato ba ne. Na kuma gane cewa wanda ba ya iya kiran sunanka yana iya ratsa ƙasa guda da kula biyu don kada ka zauna kai kaɗai. Har yau in na ga yarinya zaune ita ɗaya ana cin abinci, ba na tambayarta ko tana jin yunwa, zuba mata nake yi.